Daga Filin Jirgin Kano Zuwa Kemis Ɗin Layinmu: Tarihin Ƙwaya Yadda Na Gan Shi A Kurmin Mashi

Kafin in shiga zancen, bari in gaya wa mai karatu abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya na je ta'aziyya unguwarmu ta Kurmin Mashi a Kaduna, inda aka yanke cibiyata. Wani matashi ne ya rasu, ɗan maƙwabtanmu, bai cika shekara talatin ba. Muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, bayan an yi addu'a an shafa, sai hira ta gangaro kan yaran unguwa da shaye-shaye, domin kowa a wurin ya san abin da ya yi ajalin yaron ko da yake babu wanda ya furta. Can sai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai mu da can hanya ce kawai. Kayan nan wucewa suke yi zuwa ƙasashen Turawa, ba ruwansu da mu. Yaran yanzu ne suka lalace."

Ban yi masa gardama ba, don wurin makoki ba wurin musu ba ne. Amma tun ina yaro nake jin wannan magana, a rediyo da bakin hukuma da bakin malamanmu na boko: wai Nijeriya zango ce, ana sauke kaya a ɗora, masu sha suna can Amurka da Ingila. Da na koma gida sai na yi ta juya maganar a raina, na ga ya kamata in bi sawunta tun daga tushe.

Wanda bai san Kurmin Mashi ba, unguwa ce a arewacin kogin Kaduna, maƙwabciyar tsohuwar harabar makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Babban titin nan na Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, ta gefenmu ya ratsa. Duk tirelar da ta taso daga kudu za ta Zariya ko Kano ko Katsina, har zuwa Jibiya da Maraɗi, in ba ta son cunkoson tsakiyar gari, ta nan za ta bi. Gaba kaɗan kuma ga Mando, inda tsohuwar hanyar Ikko ta Birnin Gwari da Tegina da Jebba ta ɓullo. Saboda haka in ana zancen zango, mu a kan bakinsa muka tashi.

Kuma ai Bahaushe ba baƙon zango ba ne. Shekaru ɗaruruwa fatakenmu suna ɗauko goro daga Gwanja, daga kasuwar Salaga, su bi da jakuna har Kano da Barno. Goron nan ba a ƙasar Hausa yake tsirowa ba, amma yau wa ya kai mu cinsa? Da shi muke ɗaura aure, da shi muke raɗa suna. Ban kawo wannan don in haɗa goro da ƙwaya ba, Allah Ya kiyaye. Na kawo shi ne don mai karatu ya tuna cewa duk kayan da suka daɗe suna kwana a zango, masu masauki sukan ɗanɗana, kuma mai dako sau da yawa da kayan ake biyansa ladansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karance-karance a kan wannan batu shi ne daɗewarsa. Wani Baturen masanin tarihi, Stephen Ellis, ya tono takardun hukumomin Amurka da suka nuna cewa tun a 1952, wato shekara takwas kafin a ba mu mulkin kai, wasu 'yan fasa-ƙwauri 'yan Lebanon suna ɗauko hodar hiroyin daga Beirut su bi da ita ta Kano da Ankara ta ƙasar Gana, sannan ta wuce birnin New York. Me ya sa Kano? Domin a lokacin jiragen sama ba su iya doguwar tafiya ba tare da sun sauka shan mai ba, filin jirgin Kano kuwa shi ne babbar mashaya ga jiragen da ke tsallake Sahara. Ke nan tun kafin a haifi yawancinmu sunan Kano yana cikin kundin 'yan sandan duniya, mu kuwa muna nan ba mu da labari.

A wancan zamani kam maganar dattijon nan gaskiya ce. Babu Bakanon da ke da kuɗin sayen hiroyin, babu ma wanda ya san ta. Abin da ya fara zama a cikinmu shi ne tabar wiwi.

Lokacin da muke yara akwai wani tsohon soja a layinmu, muna ce masa Baba Ɗan Bama, saboda ya yi yaƙin Bama a rundunar Turawan Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yakan zauna gindin dalbejiya da yamma yana ba mu labarin kurmi da ruwan sama da Japanawa. Wata rana wani yayanmu mai tsaurin ido ya tambaye shi, "Baba, wai gaskiya ne ku kuka kawo wiwi ƙasar nan?" Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Yaro, mun kawo lambar yabo da ciwon ƙafa, sauran kuma ka tambayi masu jirgin ruwa." Abin da aka fi faɗa a littattafai dai shi ne sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan 1945, tare da ma'aikatan jiragen ruwa, su suka yaɗa shanta a Afirka ta Yamma. Kaduna kuwa garin bariki ne tun kafuwarta. Ganyen ya sami ƙasa mai albarka a dazuzzukan kudu, musamman yankin Ondo da Edo da Delta na yanzu, kuma har yau daga can ake lodo shi a biyo ta Lakwaja zuwa Arewa, wani a sha a nan, wani ya haura Nijar. Tun a shekarun 1960 ana fitar da shi zuwa Turai. A nan ma ka ga hanya da kasuwa sun haɗe: buhun da zai tafi waje da ƙullin da za a sayar a bayan tasha duk daga gona ɗaya suke.

Ita kuwa hukuma, tun farko da sanda ta fito. Turawan mulkin mallaka sun yi dokar miyagun magunguna a 1935. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta fitar da dokar soja kan wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma, da ɗaurin shekara goma ga wanda aka kama yana sha. Shekara goma saboda ƙulli ɗaya! Ba a daina nomawa ba, ba a daina sha ba, sai a 1975 aka sassauta dokar.

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne 1985. Ina makarantar sakandare a lokacin. Gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta kafa doka mai lamba 20 ta 1984, wadda ta ce duk wanda aka kama da safarar hodar Iblis ko hiroyin a harbe shi. Ran 10 ga Afrilu, 1985, aka ɗaure mutum uku a jikin turaku a Kirikiri ta Ikko aka buɗe musu wuta: Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Abin da ya tayar da hankalin lauyoyi da malaman addini shi ne an mayar da dokar baya, ta hau kan laifin da aka aikata tun kafin a rubuta ta. Na tuna mahaifina ya dawo da jarida ya shimfiɗa a tsakar gida, maƙwabta suka kewaye shi. Yawancinsu murna suke yi, suna cewa maganin ɓarayi ke nan. Ni kaina a lokacin na ji daɗi, don yaro yana son ya ga hukuma mai zafi. Amma da za ka tambayi duk waɗanda ke tsakar gidan nan yaya kamannin hodar Iblis take, babu mai iya gaya maka.

A cikin watan nan dai aka kama wata mata mai suna Gloria Okon a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da kaya a jikinta. Bayan 'yan kwanaki aka ba da sanarwar ta mutu a tsare. Aka kafa kwamitin bincike, gwamnati ta faɗi a watan Agusta, magana ta bi ruwa, jita-jita kuwa ta cika ƙasa har yau ba ta kwanta ba. Darasin da talaka ya ɗauka daga wannan shi ne ana harbe ɗan dako a bainar jama'a, amma sunan mai kaya ba ya fitowa.

Janar Babangida ya soke hukuncin kisan a 1986 ya mayar da shi ɗauri. A shekarar ce kuma aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, albashi ya zama ba ya kai mutum tsakiyar wata. Nan ne safarar ta bunƙasa. Samari da 'yan mata suka riƙa haɗiye ƙulle-ƙullen hiroyin daga Pakistan da Tailan, ko hodar Iblis daga Barazil, su sauka Ikko ko Kano, su sake hawa jirgi zuwa Landan ko Amurka. Wasu ƙullin ya fashe musu a ciki suka mutu a kujerar jirgi. Sunan Nijeriya ya ɓaci, har ya kai duk mai koren fasfo sai an tuɓe shi a filayen jirgin duniya, alhaji ne ko farfesa.

Saboda wannan abin kunya, da kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 da aka sa wa hannu a Biyana, aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989. Shugabanta na farko, Fidelis Oyakhilome, bai daɗe ba aka sauke shi a 1991 cikin zargin cin hanci. A 1990 an ƙara wata doka, mai lamba 33, wadda ta ce ɗan Nijeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya, in ya gama wa'adinsa ya dawo gida, za a sake ɗaure shi shekara biyar saboda ya ɓata sunan ƙasa. Mai karatu ya lura da laifin da aka ambata: ɓata suna. A 1994 Amurka ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da ke ba ta haɗin kai a yaƙi da ƙwaya, Janar Abacha ya ɗauko Manjo Janar Musa Bamaiyi ya ba shi hukumar. Bamaiyi ya shiga rufe shagunan dillalan motoci a Ikko bisa zargin wanke kuɗin ƙwaya, jami'ansa suka shiga dazuzzukan kudu suna ƙone gonakin wiwi.

Ba na raina aikin jami'an nan. Da yawansu an kashe su a bakin aiki, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da ake miƙo musu a ƙarƙashin tebur. Amma in mutum ya dubi tarihin da idon basira zai ga an gina hukumar ne fuskarta na kallon filin jirgi, bayanta na kallon unguwa. Abin da ke damun Washinton da Landan shi ake auna ta da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

To, me ke faruwa a layinmu duk tsawon wannan lokaci? Ni dai a rayuwata ban taɓa ganin hodar Iblis a Kurmin Mashi ba. Abin da na gani da idona shi ne yara masu shaƙar sholisho, wato gam ɗin da masu faci ke liƙe tayar keke da shi, suna zuba shi a tsumma su cusa a hanci. Na ga masu dafa zaƙami a shayi. Na ga leburori da direbobin dare suna haɗiyar ƙwayoyin hana barci don su yi aikin mutum biyu, in dare ya yi kuma su nemi Roche ko D5 don barcin ya zo. Duk waɗannan ba ta jirgin sama aka ɓoyo su ba. A kemis ake sayensu ko a faifan mai tallan magani a tasha, da rana tsaka, da canjin da bai kai kuɗin kwanon tuwo ba.

Sai kuma masaƙun Kakuri suka fara mutuwa. Wanda bai zauna Kaduna ba ba zai gane girman wannan musiba ba. Da asuba za ka ga ayarin kekuna da bas-bas suna tsallaka gada zuwa kudu, dubban magidanta. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe tun 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. 'Ya'yan waɗannan magidanta su ne suka hau babur suka zama 'yan acaɓa, su ne kuma 'yan siyasa suka riƙa ɗiba lokacin zaɓe a ba su na shan ruwa da abin da zai cire musu tsoro. Daga nan muka fara jin 'yan sara-suka a unguwannin da a da ko ƙofa ba a kullewa.

Maganin tari mai kodin shi ya shigar da abin cikin ɗaka. Wiwi tana da wari, mai shanta sai ya nemi kango. Kwalbar Benylin kuwa ana juye ta a robar lemo, budurwa ta sha a gaban uwarta, matar aure ta sha a gidan biki, babu mai cewa uffan. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku kullum a Kano da Jigawa. Amma ba a motsa ba sai da BBC ta fitar da wani fim na binciken ƙwaƙwaf a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna ma'aikatan kamfanonin magani na cikin gida suna sayar da katan-katan ta bayan fage. Washegari, ran 1 ga Mayu, gwamnati ta haramta shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Iyaye mata sun shekara goma suna kuka ba a ji ba, kwana ɗaya da duniya ta gani aka ji.

Tiramol kuwa shi ne ya fi kowanne nuna yadda zango ya zama kasuwa. Maganin ciwo ne na gaskiya, likita yana rubuta mai awo 50 ko 100. Wanda ke yawo a titi kuwa mai 200 ne ko 225, ana ƙera shi a Indiya, a shigo da shi cikin kwantena ta Ikko ko Kwatano ko Lome. Wani kason ya haura ta Maraɗi da Agadas zuwa Libiya, wani kuma a warware shi tun a hanya, kati-kati, har ya iso hannun mai shayi. Da Indiya ta tsaurara doka a kansa a 2018, sai ga wasu sababbi irin su Tafrodol sun maye gurbinsa. Manyan kayan ma ba su daina wucewa ba: a Maris 2021 an kama tan 17 na dunƙulen wiwi a Yamai, a Janairun 2022 an kama hodar Iblis fiye da kilo 200 a motar magajin garin Fachi a arewacin Nijar, a Satumbar shekarar kuma NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta kama tan 1.8 a wani gida a Ikorodu. Mutanen Kano kuma ba su manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu ma'aikatan filin jirgin Kano sun liƙa sunanta a jakar tiramol da ba tata ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, takobi na jiran wuyanta, kafin gaskiya ta fito.

A farkon 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya. Mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wani abu a shekarar da aka yi binciken. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 tiramol da danginsa, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A Arewa maso Yamma kaɗai mutum miliyan uku ne, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a Kano. Kuma ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matsayin da ba zai iya bari da kansa ba, sai da magani.

Ina maganin yake? A nan ne zancen ya shigo gidanmu. Ɗan yayata ya fara acaɓa yana ɗan shekara ashirin. Da na lura idonsa ya canja na kira shi ɗaki na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi ba don maye nake sha ba. In ban sha ba bayana ba ya barina in kai la'asar a kan mashin, ga balas ɗin mai babur kullum." Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin gari a 2014, aikin ya tafi, shan ya zauna. Na ce a kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, tsallaken kogi, amma mutanenmu asibitin mahaukata suke ce masa. Yayata ta fashe da kuka ta ce, "Haba ɗan uwana, so kake a ce ɗana ya haukace? Wa zai auri ƙannensa?" Na ce, "Yaya, ciwo ne kamar kowane ciwo." Ba ta saurare ni ba. Aka tara kuɗi aka kai shi wani gidan mari, wanda ba zan faɗi sunansa ko garin da yake ba. Ya yi wata takwas. Ya dawo da tabon sasari a idon sawunsa biyu, ba ya iya haɗa ido da kowa, kuma kafin wata biyu ya koma ruwa.

Shi ya sa a Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, nan maƙwabtanmu, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, ban yi mamakin da mutanen waje suka yi ba. Wata guda bayan haka aka sake fito da mutum 147 daga wani gidan a Rigasar dai. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata, saboda shaye-shaye. An rufe gidajen, kuma ya kamata a rufe su. Jihar Kaduna tana cikin jihohin farko da suka kafa hukuma ta musamman don rigakafi da jinyar masu shaye-shaye, wannan kuma abin a yaba ne. Amma a Mayun 2024, da Majalisar Dattawa ta tashi yin gyara ga dokar NDLEA, abin da ta fara amincewa da shi shi ne a dawo da hukuncin kisa, kafin daga baya a daidaita kan ɗaurin rai da rai. Shekara kusan arba'in bayan turakun Kirikiri, can hankalin manya ya sake komawa.

Yaron da muka je wa ta'aziyya abokin ɗan yayata ne, tare suka fara acaɓa. Ya jima yana faɗuwa yana shure-shure, aka yi ta cewa aljanu ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Likitoci sun san cewa tiramol mai yawa yana kawo irin wannan farfaɗiya. Ran da abin ya same shi na ƙarshe yana tuƙa Keke Napep ne a kan baifas.

Ɗan yayata shi ke zagayawa da buta da ruwan sha a wurin zaman makokin. Yanzu shekararsa biyu yana karɓar magani a asibiti, bayan uwar ta haƙura, kuma yana koyon walda. Da ya zo gabanmu ya durƙusa ya gaida dattijon nan, wandonsa ya ɗage, tabon ya fito. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan ba jikan Malam ba ne? Me ya same shi a ƙafa?"

Na ce, "Baba, doguwar magana ce." Aka kira sallar la'asar, muka tashi.